Kaurin Silin Gashi

Ranar farko a makaranta
Malam Ayuba ya tsinko gashi ɗaya daga gemunsa,
ya sa a bakin ma'auni, ya ce in karanta.
Na karanta. Ya ce, "To, raba shi bakwai.
Kashi ɗaya shi ne iyakar kuskurenka.
In ka zarce nan, ƙarfe bai san yafiya ba."

Shekara biyu ina rabon gashi
da kuɗin da ba nawa ba:
dubu ɗari huɗu da tamanin
daga asusun tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kakuri,
inda Baba ya dangwala yatsa,
ya jingine filin Rigasa
da ko bulo ɗaya bai taɓa ɗorawa ba.

Yau ga ni a Panteka,
rumfa ta uku bayan masu walda,
ina feƙe wa Oga Shitu ƙarfe.
Injin ya girme ni, ya girmi Oga,
amma in na kasa kunne
yakan gaya mini inda ke masa ciwo.

Albashi dubu sittin da biyar, in wata ya yi kyau.
In wuta ta yi yaji kwana huɗu
sai a ce dizal ya sha rabona.
Oga ya ƙirga da ka, ya miƙo a dunƙule:
"Riƙe wannan tukuna."
Na duba duk akwatin aikina,
babu abin auna tukuna.

Madam Laraba ta asusu ba ta san kalmar ba.
Ashirin da takwas ga wata waya za ta yi ƙara:
dubu ashirin da biyu da ɗari uku da hamsin.
Har hamsin ɗin.
Da ajinmu ta shiga, da ita ce ta ɗaya.

Jiya wata mata daga Unguwar Mu'azu
ta kawo sandar injin markaɗe a buhu,
boris ya cinye mata wuya.
Kwana uku, in ji ta, ko tattasai ba ta niƙa ba.
Na yanka sabuwa, na rage, na auna,
na sake shafto abin da ido ba ya gani,
har boris ya zauna daram ba guduma.
Na ce dubu tara.
Ta ce, "Wannan ɗan guntun?"
Aka bar mata a shida.
Ban ji haushi ba. Na ga katin adashi
yana leƙowa daga jakarta.

Nafi'u da muka gama tare ya sayar da ma'auninsa,
yana ƙarƙashin laima a Kawo yana cire wa mutane kuɗi.
Tun azumi ya biya nasa.
Ya ce in zo, akwai gefen benci.
Na ce zan yi tunani, kuma wallahi ina yi,
musamman in ina dirje baƙin mai da yashi
ya ƙi fita daga ƙarƙashin farce.
Godiya kuwa tana Fatakwal, kamfanin bututu.
Ta turo hoton hular kwano da takalmi,
ba ta faɗi nawa ba, ban tambaya ba.

Da yamma nakan share abin da injin ya zubar,
murɗaɗɗu kamar taliya, sun yi shuɗi don zafi.
Oga ya bar mini su.
Ɗan gwangwan ya ɗora a sikelinsa mai ƙarya,
ina gani, na yi shiru.
Da kuɗin shara nake cike ɗari uku da hamsin.

Baba ba ya zancen bashi.
Sai dai ran Juma'a ya hau mota zuwa Rigasa,
ya cire ciyawar da ta rufe turaku,
ya taka filin daga kusurwa zuwa kusurwa,
ya dawo ya ce ƙafarsa ce ke son motsi.

Saura wata goma sha ɗaya.
Ɗazu ina tsakiyar wannan lissafi a bayan kwalin sukari
yaran layi suka sa ihu, an kawo wuta.
Na bar shayin a kan benci.